Ciwon Inna Bai Cika Sharaɗi Ba

Kafin in shiga aikin gwamnati na ɗauka ciwo ciwo ne. Mutum ya kwanta, a zo a gaishe shi, ya tashi ko a kai shi makwancinsa. Sai da na fara koyarwa a wata makaranta a Shagari, zamanin mulkin farar hula na biyu, na gane ashe ba jikin majinyaci ne ke faɗin girman ciwonsa ba. Wani littafi ne mai koren bango, da ke kwance cikin durowar shugaban makaranta.

Ni ɗan Boɗinga ne. Ranar da aka ji an tura ni Shagari, mutanen unguwarmu sun yi ta yi mini barka, wai an kai ni garin da ya ba ƙasa shugaba, can ko famfo ka murɗa madara za ta zubo. Na je na tarar alli ma sai mun karya shi mun raba. Ba a jima ba aka ce gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Aljihunta ta ce za ta tsuke, amma namu aka fara ɗinkewa. Albashi ya zama kamar baƙon da ke aiko saƙo yana tafe, a share ɗaki, a dafa abinci, abinci ya huce.

A gida na bar mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Mahaifina ya rasu ina makarantar horon malamai, yayata kuma tana aure can wajen Zuru da ƙananan 'ya'ya. Inna da turminta ta riƙe mu. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, kuma duk unguwar an san abu biyu nata: ƙulinta ba ya karya haƙori, bakinta kuwa yana karya mutum. Ba ta zagi. Tambaya kawai take yi maka, ka koma gida kana neman inda ka yi kuskure.

A kakar wata shekara na zo hutun ƙarshen mako, na ga takalminta na roba ba ya shiga ƙafarta. Na yi magana, ta ce takalmin ne ya tsuke, kayan zamani ba su da amana. Zuwana na gaba na tarar tana hutawa tsakanin ɗaki da madafa. Ta daina kwanciya miƙe, sai dai ta jingina da buhun gero ta yi barcinta a zaune. Da ƙyar, da haɗa ta da Allah, ta yarda na kai ta wani asibiti a Sakkwato.

Likitan saurayi ne, idanunsa sun yi ja don gajiya. Ya danna ƙaurinta da babban yatsa, ya ɗaga, ramin ya zauna bai ciko ba. Ya saurari ƙirjinta ya daɗe. Sannan ya jawo ni gefe ya ce zuciyarta ta gaji, ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa.

"Da da gado da na kwantar da ita," in ji shi. "Leƙa baranda ka gani."

Na riga na gani. Ta kan mutane muka tsallaka muka shigo. Magani ma babu, sai ya rubuta mini in je kemis in saya. Ya ce a hana ta gishiri, a hana ta daka, kuma kada a kuskura a bar ta ita kaɗai.

Da na fassara mata a tasha, Inna ta bi masu lodin albasa da kallo.

"Ya hana gishiri, ya hana turmi," ta ce. "Bai dai hana ni magana ba ko?"

"Bai hana ba, Inna."

"To da sauran imani garai."

Ranar Litinin na shiga ofishin shugaban makarantarmu. Dattijo ne mutumin kirki daga wajen Argungu, mai tsoron Allah, mai tsoron takarda fiye da kima. Na gaya masa halin da ake ciki, na roƙi hutu in je in yi jinya. Ya yi mini jaje sosai, har idonsa ya kawo ruwa. Ya share, ya buɗe durowa, ya ciro littafin.

Ya karanta da Turanci, ya maimaita da Hausa don kada in ce ban ji ba. Ana ba ma'aikaci hutun jinyar iyaye idan ciwon mai tsanani ne da ke barazana ga rai. A ƙasa kuma masu hikimar da suka rubuta littafin sun yi mana bayanin irin wannan ciwo, don kada jahilci ya sa mu ruɗe. Shi ne wanda ya sa aka kwantar da majinyaci a gadon asibiti. In ba haka ba, sai likitan gwamnati ya rubuta cewa rai na cikin haɗari, kuma wani jami'i daga babban ofis ya je ya gani da idonsa.

"An kwantar da ita?" ya tambaye ni.

"Ranka shi daɗe, babu gado."

"Wato ba a kwantar da ita ba."

"Likita ya ce da da gado da ya kwantar da ita."

Ya sake duba shafin, ya bi layin da yatsa a hankali, kamar mai fatan kalmomin su canza don kunyarsa.

"Malam, littahin bai ce da da gado ba."

Haka na koyi darasi na farko. Idan asibiti ya cika har ya rasa inda zai sa ka, a idon doka ka samu lafiya. Da za a rufe asibitocin jihar gaba ɗaya, da an wayi gari babu mai ciwo mai tsanani ko ɗaya.

Da zan fita ya kira ni ya ba ni shawara ta uba. Ya ce in yi aure mana, matar ta zauna da Inna. Na yi godiya. Shi kansa rabonsa da ganin albashi tun kafin a yanke gero, amma yana ganin akwai uban da zai ba ni 'yarsa a kan alkawarin gwamnati.

Na koma wurin likitan. Na yi layi tun safe, da aka zo kaina na rasa yadda zan fara. Ba ƙaramin abu ba ne ɗa ya buɗe baki ya roƙi a rubuta masa cewa uwarsa na bakin mutuwa. Na dai daure na faɗa, ina kallon ƙasa.

Ya ajiye biro ya ce, "Malam, tana iya shekaru a haka. Tana kuma iya tafiya kafin ka isa tasha. Wanne kake so in rubuta?"

Na ce ya rubuta gaskiya. Ya kuwa rubuta ta, Allah ya saka masa. Ya ce ciwon babba ne, ba ya warkewa, yana buƙatar mai kula kullum, amma a halin yanzu ya lafa da magani.

Na kai takardar babban ofishinmu. Babban akawun da ke kula da hutun ma'aikata mutum ne mai ƙiba, goro a kumatu, tabarau a kan hanci. Ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa wanda ya zo kasuwa ranar da ba ta ci.

"Ya ce bai warkewa."

"Haka ne, ranka shi daɗe."

"To hutun yaushe za shi ƙare?"

Na ce ban sani ba. Sai ya gyara zama ya yi mini karatu kyauta. Ya ce shi wannan hutu an yi shi ne don ciwo mai kai da gindi. Saran maciji, haɗarin mota, faɗowa daga rufin ɗaki. Cikin ɗan lokaci an san inda aka dosa, ko nan ko can, ma'aikaci ya dawo bakin aikinsa.

"Da a ce mota tak kaɗe ta," ya fara, sai ya tsaya ya tofar da goro. "Allah shi kiyaye. Amma ka gane abin da nika nuhi. Wanga ciwo naku na zama na. Ga shi ma likita da hannunai ya ce ya lahwa."

Laifin Inna ke nan. Ta kamu da ciwon da ba ya sakin mutum kuma ba ya gaggawar ɗaukarsa, ba ta tsaya ta tambayi ofis irin wanda ake karɓa ba.

Duk da haka ya ce za a tura jami'i ya gani. Na ɗauka tausayina ya ji. Daga baya na gane ana biyan jami'ai kuɗin tafiya, kuma a wancan lokacin kowa na neman inda za a aike shi.

Ana gobe jami'in zai zo, na zauna gaban Inna na yi mata bayani. Maƙwabciyarmu tana wurin, aminiyarta tun suna amare, wata mai sayar da daddawa da na tashi ina kira Gwaggo.

"Inna, don Allah in ya zo ki kwanta. In ya tambaye ki jiki, ki hwaɗa mai gaskiya."

"Wace gaskiya?"

"Cewa ba ki jin daɗi. Ba ki barci. Numfashi na yi maki wuya."

Ta dubi Gwaggo. "Kin ji ɗan boko. In miƙe gaban baƙo namiji awa tabarma, in ce mai ina mutuwa, don a ba shi hutu. Allah na ba ni numhwashi ina sheƙawa, in ce bai ba ni ba?"

Gwaggo ta sa baki ta ce ai yaron don ke yake yi. Inna ta ce ta ji, za ta duba. Na san wannan "za ta duba" tun ina yaro, amma na yaudari kaina na tafi da murna.

Da hantsi jami'in ya iso a kan babur, fayil ɗaure a baya da roba. Na shiga in sanar, na tarar an riga an shirya. Inna ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura atamfar da take zuwa suna da ita. An shimfiɗa mata sabuwar tabarma a inuwar darbejiya, ta zauna ƙyam, ta lulluɓe ƙafafunta da mayafi. Gwaggo tana dama fura tana kauce wa idona. Rabon da in ga Inna da kyan gani haka tun bikin yayata.

Jami'in ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta. Mutum ne siriri mai sanyin murya, ya girme ni kaɗan.

"Inna, ƙaƙa jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Na ji kamar an zuba mini ruwan randa a ƙeya. Ya buɗe fayil.

"Kina samun barci?"

"Gwargwado."

"Abinci fa?"

"Mun gode Allah."

"Ina ne ka yi maki ciwo?"

"Tsuhwa dai, ɗana. Kai ma tana nan tahe."

Na kasa haƙuri na ce, "Inna, nuna mai ƙafafunki." Ta juyo ta yi mini kallo ɗaya, irin wanda take yi mini ina yaro idan na miƙa hannu cikin kwanon baƙo.

Daga nan ita ta karɓi binciken. Ta tambaye shi mutumin ina ne. Ya ce Dingyaɗi. Wane gida? Ya faɗa. Ashe ta san kakarsa, sun taɓa haɗuwa a wani biki, har ta tuna irin tuwon da aka yi. Ta ɗanɗana furar ta ce Gwaggo ta ƙara nono, baƙon gwamnati ne. Ta tambayi mahaifiyarsa, ya ce tana fama da jiki amma da sauƙi. Ta yi mata addu'a mai tsawo. Ni kaɗai na lura tana yanka addu'ar gunduwa-gunduwa don ta saci numfashi a tsakani.

Na raka shi wurin babur. Ya daɗe yana ɗaure fayil ɗin, yana kwancewa yana sake ɗaurewa.

"Malam, na ga leɓɓanta," ya ce. "Na ga yadda taka numhwashi. Uwata ta hi shekara ba ta taka ƙasa ba, kuma kullum in na tambaye ta, da sauƙi. Ka ji ni ma abin da nic ce ma Inna yanzu."

"To ka rubuta abin da ka gane."

"Ba a aiko ni in gane ba. An ce abin da nig gani da abin da nij ji. Na ishe ta zaune, ta yi hira, ta sa an ba ni hura, ta ce da sauƙi. In na rubuta wani abu, a ce ina shaidata?"

Na tambaye shi ko shi an ba shi hutun jinyar tasa uwar. Ya yi wata 'yar dariya, ya buga babur ya tafi.

Duk ƙasar Hausa babu wanda bai san ma'anar "da sauƙi" ba. Mutum yana faɗinta ana tofa masa addu'ar ƙarshe. Wanda ya aiko jami'in ya sani, akawun ya sani, wanda zai sa hannu ya sani. Amma da kalmar ta hau takarda sai ta zama shaidar likita.

Da na koma ciki, Inna ta zame daga zaunen da take, Gwaggo na tallabe da kanta. Muka ɗauke ta muka kai ɗaki muka jingina ta. Har la'asar tana kokawa da numfashi, atamfar ta jiƙe da gumi. Tsoro ya kama ni, tsoron ya juye ya zama fushi, na ce mata ta ɓata mini komai.

Ta buɗe ido da ƙyar. "Ya dai shanye hurar ko?"

Gwaggo ta ce ya shanye tas.

Inna ta lumshe ido. Can ta ce, a hankali, ba tare da ta dube ni ba, "Ban haihe ka don ka yi ta yawo ohis-ohis da takardar mutuwata ba."

Na fita bayan ɗaki na tsaya har idona ya bushe.

Amsa ta zo bayan 'yan makonni. Ba a ba ni hutu ba, amma ofis ya taya ni murnar sauƙin da mahaifiyata ta samu, tare da fatan ɗorewarsa.

Sai na koma kwana Boɗinga ina aiki Shagari. In idar da sallar asuba, in ba Inna magani, in fita bakin titi in tsaya. Ran da aka dace a samu akori-kura. Ran da mai ya yi wuya, in hau bayan motar albasa, in shiga aji ina wari, ɗalibai na toshe hanci cikin ladabi. Abokan aikina suka karɓe mini darussan farko na safe, shugaba kuma ya koyi duban taga duk lokacin da na shigo a makare. Da rana Gwaggo ke zama da Inna. Ta bar tallan daddawarta ya mutu, ba wanda ya nemi takardar likita daga gare ta, ba wanda ya zo ya gani da ido.

Ana haka sojoji suka karɓi mulki. Aka ce lalaci ne ya kashe ƙasa, kuma daga ganin yadda aka ɓullo wa abin, malaman makaranta masu zuwa a motar albasa su ne suka cinye dukiyar. Aka fara rufe ƙofa da safe. Labari ya zo daga birni cewa an sa manyan ma'aikata tsallen kwaɗo da manyan rigunansu. Shugabanmu ya daina duban taga. Na koma fita tun kafin gari ya waye sosai, in bar wa Gwaggo maganin.

Sai kuma aka ce za a rage ma'aikata. Cikin waɗanda za a sallama har da masu ciwo mai tsanani da ke hana aiki. Wani kwamiti ya zo makarantarmu, ya zauna a ofishin shugaba, aka riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya.

Ban taɓa ganin lafiya ta sauka a wuri kamar wannan makon ba. Malamin lissafi da ya shekara yana neman a yarda ƙirjinsa na ciwo ya haɗiye tarinsa, har ya shiga buga ƙwallo da ɗalibai. Shugaba ya kwashe ƙwayoyin hawan jininsa daga kan tebur ya cusa cikin hula.

Akwai wani dattijo malamin Larabci a cikinmu, mai ɗingishi tun yana yaro, jaki ne ya kayar da shi. Bai taɓa fashin aiki ba, kuma kafin kowa yake isowa. Shi kwamiti ya gano yana da ciwo mai tsanani. Muna tsaye a baranda muka ji shi ta taga.

"Ranku shi daɗe, wane ciwo na gare ni?"

Aka ce masa ƙafa.

"Da ita kunka ɗauke ni aiki. Tare munka zo."

Aka ce an gode da hidimar da ya yi wa ƙasa. Ba a tambayi ko an taɓa kwantar da shi ba. Ba a nemi likita ya rubuta komai ba. Littafin nan mai koren bango yana cikin durowa, ba wanda ya dame shi. Dattijon ya fito ya yi sallama da mu ɗaya-ɗaya, ya bar wa malamin da zai gaje shi ragowar allinsa, ya ɗingisa ya fita ƙofa. Da ana sallamar iyayen ma'aikata daga aiki, da ranar nan an tabbatar wa Inna da tsananin ciwonta ba tare da ta sha wahalar yin kwalliya ba.

Da damina ta kankama, ruwan jikinta ya hau har ƙirji. Wata safiya ta kasa amsa gaisuwata. Muka sa ta a mota ni da Gwaggo sai Sakkwato. Muka yi sa'a, in sa'a ce, ana fitar da wata mata da ta cika muna shiga. Katifar ba ta gama hucewa ba aka ɗora Inna.

Washegari na je na gaya wa shugaba an kwantar da ita.

"Alhamdu lillahi!" ya ce da ƙarfi, har ya miƙe tsaye. Sai ya ji abin da ya faɗa. Ya zauna a hankali. "Wato, Allah shi ba ta lahiya."

Ban ji haushinsa ba. Ni ma abin da na faɗa ke nan a zuciyata lokacin da na ga gadon.

A wannan karon ba a ja ba, aka ba ni hutun. Aka yi wa Inna allurai, ruwan ya sauka, ta fara tambayar ma'aikatan jinya ko a gidansu haka suke shara. Da likita ya ga ta kai nan, ya sallame ta, don akwai masu jiran gadon a baranda.

Ragowar hutun a gida muka yi shi, kuma ban taɓa zama da Inna irin wannan zama ba. Tana jingine a ƙofar ɗaki tana ba ni umarni, ina tuƙa tuwo yana gudaji. Ta ce in da ta san haka boko ke mai da mutum, da ta bar ni wurin turmi. Ta ba ni labarin mahaifina da ban taɓa ji ba, yadda ya zo neman aurenta da aron riga, mai rigar ya biyo shi har zauren gidansu yana jira a gama gaisuwa. Ta yi dariya, na yi, ruwan sama na zuba a kan kwano.

Da na koma aiki aka ce in je babban ofis in rufe fayil. Akawun nan mai goro ya tsira daga rage ma'aikata, har ya ƙara ƙiba.

"Ta warke?"

"A'a."

Ya sassauta murya, ya fara haɗa fuskar ta'aziyya. "Allahu akbar. Yaushe?"

"Tana nan da ranta, ranka shi daɗe. Na baro ta tana shan kunu."

Fuskar ta'aziyyar ta watse. Ya ce wuri biyu ne a takardar, ta warke ko ta rasu, kuma shi ba zai ƙirƙiro na uku ba a zamanin soja. Na ce to ya bar shi a buɗe. Ya ce fayil ba ya zama a buɗe.

Bayan kwanaki takardar tuhuma ta same ni a makaranta. Ana so in yi bayanin dalilin da ya sa na ci hutun ciwo mai barazana ga rai, alhali bincike ya nuna majinyaciyar ba ta warke ba kuma ba ta rasu ba. Shugaba ya taimake ni muka rubuta amsa mai ladabi, muka ba da haƙuri, muka yi alkawarin ba za a sake ba. Har yau ban san abin da muka yi alkawarin ba za a sake ba.

Na karanta wa Inna tuhumar, ina fassarawa. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Gwaggo na bubbuga mata baya.

"Ka ba su haƙuri," ta ce da ta samu kanta. "Ka ce masu ina nan tahe. Gaggawa ta ban so."

Abin da ya raba ni da hanyar Shagari bai shafi ciwo ba ko kaɗan. A wurin wani taron malamai na haɗu da wani mutumin Shagari da ke koyarwa a Sifawa, kusa da Boɗinga, yana kukan gonarsa ta yi masa nisa. Muka rubuta takardar musayar wurin aiki. Ya ce kada mu ambaci Inna, mu ce noma, tunda lokacin gwamnati na kiran kowa ya koma gona. Aka amince nan da nan. Ba a turo kowa ya ga gonar ba.

Daga Sifawa da keke nake zuwa gida, in ci abincin rana tare da ita. Ta ƙara ganin damina fiye da ɗaya a haka, yau jiki ya yi dama, gobe ya ƙi. Ta rasu cikin dogon hutun makarantu, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ina riƙe da kofin da na ba ta ruwa da shi. Yayata ta zo tun kafin nan da makonni, tana gefenta. Ko yini ɗaya na aikin gwamnati Inna ba ta ci ba da mutuwarta.

Gwaggo da yayata suka yi mata wanka. Muka ɗauke ta kafin azahar, muka bi ta gefen gonakin gero da ya fara fitar da kai. Masu haƙa suka ce ƙasar ta yi laushi, ba su sha wuya ba.